Inda sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba: gyara a kan haske da ilektiron

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan sharhin da ya fito a shafinku na kimiyya game da farantin sola. Na karanta shi har ƙarshe, na kuma ji daɗin ganin ana kawo irin wannan batu cikin harshenmu, sai dai akwai jimloli biyu da na kasa wucewa. Ta farko ta ce farantin sola zafin rana yake sha ya mayar da shi lantarki, saboda haka ranar da aka fi zafi ita ce ranar da ya fi ba da wuta. Ta biyu ta ce Albert Einstein ya samu lambar yabo ta Nobel ne saboda nazariyyarsa ta dangantaka. Na shafe shekaru ina koyar da fiziks a sakandare, kuma ban taɓa karɓar sabon aji ba face na tarar waɗannan kurakurai biyu sun riga ni shiga, don haka ban ga laifin marubucin ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kurakuran nan tushensu ɗaya ne, wato rashin sanin yadda haske ke fizge ilektiron, 'yan ƙwayoyin nan masu ɗauke da cajin lantarki, daga fuskar abu, alhali wannan ɗan al'amari shi ne abin da aka ba Einstein lambar a kansa, kuma ɗan'uwansa na jini ne ke aiki a cikin farantin sola.

Tun da gani ya kori ji, bari in fara da gwajin da nake yi wa ɗalibai. Ana samun kwalba mai faɗin baki da murfin roba, a huda murfin a zura wayar tagulla, a rataya siraran ganye biyu na takardar alminiyam a bakinta na ciki, sannan a ɗora ɗan farantin tutiya, wato zinki, a bakinta na waje. Idan aka goge bututun roba da ƙyallen ulu aka shafa shi a farantin, ilektiron sukan taru a kansa su gangara zuwa ganyayen, sai ka ga ganyayen sun wage kamar bakin almakashi, domin caji iri ɗaya ture juna yake yi. Muddin ɗakin a bushe yake, haka za su tsaya. Daga nan sai in ɗauko fitila mai tsananin haske, irin wadda ido ba ya iya kallo, in haska farantin da ita har hannuna ya gaji, ganyayen ko gezau. In kawo jar fitila, in kawo koriya, duk kanwar ja ce. Sai in kashe su, in kunna wata 'yar fitila mai fitar da hasken altirabayolet, wato hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani, irin wadda ake kashe ƙwayoyin cuta da ita, wadda ɗan shuɗin da take nunawa a ido bai kai hasken kyandir ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ganyayen sai su fara sunkuyowa har su haɗe. In sake cajin farantin, in gitta gilashin taga tsakaninsa da fitilar, sai su tsaya cak; in zare gilashin, su ci gaba da sauka. Idan kuwa na goge sandar gilashi da siliki na ba farantin cajin fozitif, wato kishiyar cajin ilektiron, fitilar nan ba ta yi masa komai, domin duk ilektiron ɗin da ya fita, farantin zai sake jawo shi.

Karo na farko da na gwada wannan a gaban aji kunya na sha. Na kunna fitilar, na yi shiru ina jiran ɗalibai su yi mamaki, minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, ganyayen nan na tsaye ƙyam, har wani ɗalibi a bayan aji ya tambaye ni ko fitilar ce ta mutu. Da na koma na duba farantin sosai, sai na ga ya daɗe a ajiye, fuskarsa ta dushe ta yi toka-toka, domin iska ta riga ta shimfiɗa masa wata siririyar tsatsa. Washegari na murje shi da samfefa har ya yi sheƙi, kuma ban gama daidaita fitilar ba ganyayen suka faɗi. Wannan shimfiɗa da ta kunyata ni, ko kusa da kaurin gashi ba ta yi ba. Ranar na gane cewa rabin labarin a hasken yake, rabin kuma a fatar ƙarfen.

Wanda ya fara cin karo da wannan abu ba shi yake nema ba. A shekarar 1887, a garin Karlsruhe na ƙasar Jamus, Heinrich Hertz yana ƙoƙarin tabbatar da samuwar igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu ratsa sarari, waɗanda rediyo ke aiki da su a yau. Na'urarsa ta karɓa wani zoben waya ne mai ɗan giɓi, inda ƙaramin tartsatsi ke tsallakawa duk lokacin da babban tartsatsin na'urar aikawa ya tashi. Tartsatsin ƙarami ne ƙwarai, sai ya sa zoben a cikin akwati mai duhu don ya fi ganinsa, amma abin mamaki sai tartsatsin ya ƙara raunana. Da ya bi diddigi, yana gitta abubuwa iri-iri tsakanin na'urorin biyu, ya ga gilashi na tare abin da ke taimakon tartsatsin, dutsen kwaz kuwa ba ya tarewa, ya kuma gane cewa hasken altirabayolet ne daga babban tartsatsin ke sauƙaƙa wa ƙaramin tsallake. Ya rubuta abin da ya gani, ya koma kan aikinsa, ya rasu a 1894 yana da shekara 36 bai san ma'anarsa ba. Gwajin da ya fi kowane gwaji ƙarfafa ra'ayin cewa haske igiya ne, shi ne kuma ya zo da tsagar farko a jikin wannan ra'ayi.

Wasu suka ɗora daga inda ya tsaya. A 1888 Wilhelm Hallwachs ya yi gwajin farantin tutiya, wanda kwalbar nan tawa kwaikwayonsa ce kawai. A Mosko, Aleksandr Stoletov ya auna ya ga cewa gwargwadon yawan hasken da ya sauka, gwargwadon lantarkin da ke gudana. J. J. Thomson, wanda ya gano ilektiron a Kembirij a 1897, ya nuna a 1899 cewa abin da haske ke fitarwa daga ƙarfe ilektiron ne. Har zuwa nan babu abin da ya tayar wa kowa hankali.

Tashin hankalin ya zo ne a 1902, daga hannun Philipp Lenard, wanda ya taɓa zama mataimakin Hertz. Lenard ya sa faranti biyu a cikin bututun gilashi da aka zuƙe iskarsa, yana haska ɗaya, ɗayan yana karɓar ilektiron ɗin da suka fito, sannan ya juya batir ta yadda farantin karɓa zai riƙa ture su, yana ƙara bolt kaɗan-kaɗan har ya kai inda ko mafi gudu a cikinsu ba ya iya isa. Da wannan dabara ya san kuzarin da suke fitowa da shi. Sai ya matso da fitilarsa kusa, ya kuma janye ta nesa, yana sa ran in haske ya yi yawa za su fito da gudu, in ya yi kaɗan su fito a sanyaye. Abin da ya gani shi ne, yawan haske yana ƙara adadin masu fita, amma bai ƙara wa ko ɗaya daga cikinsu gudu ba.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya ga dalilin da ya sa wannan ya zama matsala. Idan haske igiya ne kamar igiyar ruwa, to kuzarinsa a shimfiɗe yake a duk inda ya sauka, kuma ilektiron zai riƙa tara shi sannu a hankali, kamar yadda ake cewa da yayyafi kogi kan cika. Bisa wannan tunani, kowane launi zai iya fitar da ilektiron matuƙar an ƙara shi ko an yi haƙuri, haske mai tsanani zai fitar da shi da gudu, haske mai rauni kuwa sai an jira. In aka yi lissafin ɗan filin da ƙwayar zarra ɗaya ta tare, aka auna kuzarin da fitila mai rauni ke zuba masa, jiran zai kai mintoci, wani lokacin ma sa'o'i. Amma gwaji bai nuna jira ba. Da an kunna fitilar ake ganin lantarki, komai rauninta. Jan haske kuwa, ko an wuni ana zuba shi a kan tutiya, ko ilektiron ɗaya ba zai fita ba. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ga wuri ɗaya da maganar ta ƙi zama.

A watan Maris na 1905 wani matashi ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a Suwizalan, ya aika wa mujallar Annalen der Physik maƙalar da ta warware ƙullin. Shekara biyar kafin haka Max Planck ya yi amfani da wata dabara ta lissafi, cewa abu mai zafi yana ba da kuzari ne ƙunshi-ƙunshi, kuma girman kowane ƙunshi ya dogara ga saurin kaɗawar hasken. Planck ya ɗauki wannan a matsayin halin abin da ke fitar da hasken. Einstein ya ce hasken kansa ne a ƙunshe yake, yana tafiya a ƙunshe, ana kuma haɗiye shi a ƙunshe, ba a gutsura. Waɗannan ƙunshin su ne aka raɗa wa suna foton daga baya, sunan da Gilbert Lewis ya kawo a 1926. Launin haske shi ke faɗin ƙarfin kowane foton, tsananin haske kuwa adadinsu kawai yake faɗa.

Sauran bayanin mai sauƙi ne. Kowane ƙarfe yana riƙe da ilektiron ɗinsa, kuma akwai ƙayyadadden kuzari da sai an biya kafin ya saki guda, abin da nake kira fansar fita idan ina koyarwa. Sharaɗin shi ne foton ɗaya ne zai biya fansar gaba ɗaya, a lokaci ɗaya, ba a karɓar karo-karo. Idan ya kasa, kuzarinsa ya watse a cikin ƙarfen ya zama ɗan ɗumi. Idan ya biya ya bar rara, rarar ce ke zama gudun ilektiron. Ana auna waɗannan da ma'aunin da ake kira ilektiron-bolt. Foton na jan haske yana ɗauke da kimanin 1.8, na kore kimanin 2.3, na shunayya da ke ƙarshen bakan gizo kimanin 3.1, na fitilar kashe ƙwayoyin cuta kuwa, mai tsawon zango nanomita 254 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kimanin 4.9. Fansar tutiya kimanin 4.3 ce. Ashe ke nan duk launukan bakan gizo babu mai iya biya, shi ya sa babbar fitilata ta yi aikin banza. Ko 'yar leza ja da ake nuni da ita a allo tana harba foton sama da tiriliyan dubu uku a kowace daƙiƙa, amma duk yawan nan ba su fitar da komai daga tutiya, alhali foton ɗaya na altirabayolet yana biyan 4.3 ya bar rarar 0.6, wadda ta isa ta cilla ilektiron da gudun da ya haura kilomita 400 a daƙiƙa. Gilashin taga kuwa shanye irin wannan haske yake yi, abin da ya sa gitta shi ya tsayar da ganyayen, kamar yadda ya raunana tartsatsin Hertz. Da a ce farantin na sodiyam ne, mai fansar kimanin 2.3, ko na sisiyam, mai kimanin 2.1, da shuɗin haske na yau da kullum ya wadatar.

Mai karatu zai ɗauka cewa bayani mai tsabta haka nan take aka karɓe shi, amma kusan shekara ashirin masana suka yi suna ƙyamarsa, kuma suna da hujja, domin gwaje-gwajen ƙarni guda sun nuna haske yana lanƙwasa yana kuma kishiyantar kansa kamar igiya. A 1913, lokacin da Planck da abokansa suka rubuta takardar neman a shigar da Einstein cibiyar kimiyya ta Firushiya da ke Balin, sun yabe shi matuƙa, sannan suka nema masa uzuri a kan batun ƙunshin haske, cewa kada a riƙe shi da laifi don ya zarce gona da iri a nan. Robert Millikan na jami'ar Shikago a Amurka ya shafe kusan shekara goma yana gwaji, bai kuma yarda da ra'ayin ba tun daga farko. Babbar wahalarsa ita ce irin wadda ta kunyata ni a aji, sai dai tasa ta ninka tawa, domin da sodiyam da fotashiyam da litiyam ya yi aiki, waɗanda da sun shaƙi iska suke dushewa. Dole ta sa ya gina wata 'yar ma'aikata a cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, da wuƙa a ciki wadda yake sarrafawa daga waje da maganaɗisu, tana kankare fuskar ƙarfen ta fito sabuwa fil kafin a haska ta. Sakamakon da ya wallafa a 1916 ya bi lissafin Einstein sau da ƙafa, har ya fitar da adadin nan na Planck, mai haɗa ƙarfin foton da saurin kaɗawar haske, daga ciki da kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Duk da haka ya rubuta cewa lissafin ya yi daidai, amma ra'ayin da aka gina shi a kai ba abin karɓa ba ne. Ina girmama Millikan a kan wannan fiye da yadda nake girmama da yawa daga waɗanda suka yi daidai, domin ya wallafa abin da na'urarsa ta faɗa ko da yake ba shi zuciyarsa ke so ba. Sai da Arthur Compton ya nuna a 1923 cewa hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, yana karo da ilektiron kamar yadda dutse ke karo da dutse, sannan mafi yawan masu ja suka sauko.

Wannan ya kawo mu ga jimla ta biyu a sharhinku. Lambar Nobel ta fiziks ta shekarar 1921, wadda aka sanar a watan Nuwamba na 1922, an ba Einstein ita ne saboda hidimarsa ga fiziks na nazari, musamman gano dokar fitar ilektiron ta hanyar haske. Cibiyar kimiyya ta Suwidin ta ma bayyana masa cewa ba a sa nazariyyar dangantaka cikin lissafin ba. Wataƙila shi kansa ya taimaka wajen ruɗa mutane, domin laccar da ya gabatar a Gotenbog a 1923 don karɓar lambar a kan dangantakar ya yi ta. Millikan ya samu tasa a 1923, kuma aikinsa a kan wannan batu na cikin dalilan. Lenard, wanda gwajinsa ya share fagen, ya samu tasa tun 1905, sai dai daga baya ya zama ɗan gani-kashe-nin 'yan Nazi kuma babban maƙiyin Einstein.

Ban ce zafi ba ya fitar da ilektiron ba. Yana fitarwa, amma ta wata ƙofa dabam. Idan aka gasa ƙarfe sosai, ilektiron ɗin da ke ciki sukan yi ta kai-komo da sauri har wasu su sami abin biyan fansa daga zafin kansa. Thomas Edison ya lura da haka a cikin ƙwan fitilarsa a farkon shekarun 1880, Owen Richardson ya fitar da dokarsa a farkon ƙarni na 20 ya kuma samu lambar Nobel ta 1928, John Ambrose Fleming kuwa ya ƙera bawul ɗin rediyo da shi a 1904. Duk wanda ya yi zamani da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi zai tuna cewa in an kunna ta sai an ɗan jira kafin hoto ya bayyana. Jiran na wata 'yar waya ce a wuyan bututun da sai ta yi ja take fara feso ilektiron zuwa allon. A nan ma fata ce ke mulki: tsurar wayar tongistin sai ta haura digiri 2,000 take ba da ilektiron masu yawa, amma in aka shafa wa ƙarfe sinadarin bariyam mai haɗe da iskar oksijin, fansar takan ragu har ya yi aikin a wajen digiri 800. Injin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti har gobe da wannan hanya yake aiki. Akwai kuma hanya ta uku, inda ake fiƙe ƙarfe ya yi tsini ƙwarai a sa masa bolt mai yawa, sai ilektiron su ratsa katangar da ke tsare su a cikin ƙarfen ba tare da sun haura ta ba, wato ba tare da biyan fansa ba, abin da Ralph Fowler da Lothar Nordheim suka yi bayaninsa a 1928, kuma manyan madubban ƙara girma masu aiki da ilektiron suna amfani da shi.

Hanya ta huɗu ta fi burge ni, domin da ita ake ƙirga foton ɗaya-ɗaya. Ilektiron mai gudu in ya doki fuskar da ta dace yakan fitar da wasu uku ko huɗu ko fiye. Idan aka jera irin waɗannan fuskoki guda goma a cikin bututu, kowace tana cilla wa ta gaba, ilektiron ɗaya da foton ɗaya ya fizgo a bakin bututun zai fita ta ƙarshe ya zama kusan miliyan, wanda na'ura ke iya gani. A ƙasar Japan, a cikin wata mahaƙa mai zurfin mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, cibiyar Super-Kamiokande ta jera irin waɗannan bututu sama da 11,000 a bangon tankin ruwa mai tan 50,000, suna jiran ɗan walƙiyar da niyutirino, wata 'yar ƙwaya marar caji mai wuyar kamawa, ke haifarwa in ta yi karo a cikin ruwan. Shi kuma wannan laushin hali na fatar ƙarfe, da ya wahalar da Millikan, an mayar da shi kayan aiki. Tun da ilektiron ɗin da ke iya tserewa da kuzarinsa cikakke daga 'yan nanomitocin sama kawai yake fitowa, Kai Siegbahn na jami'ar Uppsala ya ɓullo da hanyar haska abu da eksire a auna rarar kuzarin masu fita, a san irin ƙwayoyin zarra da ke kwance a fuskarsa da yadda suka haɗu, aikin da ya kawo masa lambar Nobel ta 1981.

To, sai farantin sola. A cikinsa ilektiron ba ya barin abin ya fita sarari. Foton yana ɗaga shi ne daga inda yake a ɗaure zuwa inda zai iya yawo a cikin silikon, sinadarin da ake ƙera farantin da shi, sannan wata iyaka da aka gina a tsakiyar silikon ɗin ta tura shi gefe guda ya bi waya. Edmond Becquerel na Faransa ya fara ganin haske na haifar da lantarki a 1839 yana ɗan shekara 19, kuma a 1954 ɗakin binciken Bell a Amurka ya fito da farantin silikon mai mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken rana lantarki. Ƙa'idar fansa tana nan daram, sai dai ta silikon kimanin 1.1 ce kacal, shi ya sa duk launukan bakan gizo ke iya biya, har da wani yanki na hasken da ke ƙasa da ja. Foton ɗin da ya gaza haka ba shi da amfani komai yawansa, wanda kuma ya zo da rara mai yawa, kamar shuɗi, rarar ɗumi take zama. Waɗannan asara biyu su ne babban dalilin da ya sa faranti mai iyaka ɗaya ba ya iya wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuzarin hasken, iyakar da William Shockley da Hans Queisser suka lissafa a 1961. Marubucinku ya yi gaskiya da ya lura cewa da tsakar rana aka fi samun wuta, amma dalilin shi ne a lokacin foton suka fi yawa, kuma a nan, tun da yawancinsu na iya biyan fansa, yawa yana da amfani. Zafin kansa cutarwa yake yi. Ana auna ƙarfin faranti ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa, farantin silikon yakan yi asarar kimanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari na wutar da yake bayarwa, shi ya sa masu kafa shi ke barin sarari a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa. Rana mai haske da sanyi ta fi masa rana mai hazo da zafi. Idon kyamarar wayar hannu ma da wannan hanya yake gani, kowane ɗigo a cikinsa ƙirga ilektiron ɗin da haske ya ɗaga yake yi.

Domin kada masana da ke karanta wannan jarida su ce na yi rowar gaskiya, akwai wurare biyu da bayanin aji ya sauƙaƙa abin fiye da yadda yake. Cewa ba a karɓar karo-karo gaskiya ne a hasken fitila da na rana, amma Maria Goeppert-Mayer ta lissafa tun 1931 cewa foton biyu na iya haɗa ƙarfi in suka sauka a kan ilektiron ɗaya a lokaci guda, kuma an ga hakan a 1961 bayan ƙirƙiro leza, domin sai cunkoson ya kai irin nata kafin haka ta riƙa faruwa. Cewa kuma fitar nan take ce, Ernest Lawrence da Jesse Beams sun nuna a shekarun 1920 cewa jinkirin bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin biliyan na daƙiƙa ba, amma masu binciken wannan zamani sun kai ga auna shi da ma'aunin atosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan sau biliyan na daƙiƙa, kuma fasahar samar da walƙiya gajera haka ce ta kawo wa Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier lambar Nobel ta 2023.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne a gyara jimlolin nan biyu a fitowa ta gaba, a ce farantin sola da hasken rana yake aiki kuma zafi rage masa ƙarfi yake yi, a kuma ce lambar Einstein a kan dokar fitar ilektiron ta hanyar haske aka ba shi. Malaman da za su so gwada kwalbar nan a gaban ɗalibai kuma, su murje farantin daf da fara gwajin, su zaɓi ranar da iska ba ta da laima domin laima na kwashe caji da kanta, sannan su juya fitilar altirabayolet ɗin ta ba aji baya, su sa tabarau na kariya, kada kowa ya kalle ta ko ya kara hannu a gabanta, domin foton ɗin da ya isa ya fizge ilektiron daga tutiya ya isa ya ƙona ido da fata, irin ƙunar da mai walda ke kwana da ita in ya yi aiki babu gilashin fuska.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Tsohon malamin fiziks, mai karanta jaridarku